Sharhi kan kashi na 200 na CSI: hoton ya yi kyau, amma an rage wa 'yan kokawar Meziko daraja

Shirin CSI na Amurka, wanda ke bin sawun masu binciken kisa a birnin Las Vegas, ya fara fitowa a 2000. Da ya kai kashi na 200 a 2009, sai masu shi suka ɗauko babban darakta William Friedkin, wanda ya yi fim ɗin The Exorcist a 1973, domin ya ja ragamar wannan kashin. Sunansa "Mascara", yana cikin zango na tara. Na kalle shi ne saboda kokawar Meziko da ke ciki, kuma a kanta nake da magana.

Labarin gajere ne. An tsinci gawar wata matashiya, sai ya kasance tsohuwar ɗalibar Dokta Raymond Langston ce, sabon mai binciken da Laurence Fishburne ke fitowa a matsayinsa bayan tafiyar Grissom, tsohon shugaban masu binciken. Bin diddigi ya kai su dandalin lucha libre, wato kokawar Meziko, inda kowane ɗan wasa ke sanye da hular da ta rufe masa kai da fuska. Ba zan faɗi wanda ya yi kisan ba.

A ɓangaren ɗaukar hoto, Friedkin ya nuna gwaninta. Kyamara ba ta zama wuri guda, tana kutsawa cikin 'yan kallo, ga ihu, ga gumi, ga fitilu masu launi suna haska hulunan. Akwai inda aka matso da fuskar ɗan kokawa dab da allo, ba ka ganin komai sai idanu biyu da baki ta cikin hudar hular, kuma daga idanun kaɗai za ka ji gabanka ya faɗi. Fishburne ma ya yi ƙoƙari. Mutum ne mai natsuwa, don haka da ransa ya ɓaci kan mutuwar ɗalibarsa, abin ya ratsa ni.

Inda na ji ba daɗi shi ne yadda aka ɗauki hular kanta. A shirin ta zama abin ban tsoro kawai, mafakar mugu. Alhali a Meziko hular ita ce mutuncin ɗan kokawa. Tun da Salvador Lutteroth ya kafa kamfaninsa na kokawa a 1933, wanda yanzu ake kira CMLL, aka gina wasan a kan jarumai, técnicos, da 'yan ƙeta, rudos, kuma ɓangarorin biyu duk suna sa hula. Wasa mafi girma shi ne wanda mutum biyu za su sa hulunansu a caca. Wanda aka kayar dole ya cire tasa a gaban jama'a, ya faɗi sunansa na gaskiya da garinsu. Kamar a tuɓe wa basarake rawani ne a bainar jama'a. Shi ya sa ake ganin ƙato yana hawaye a fili, iyalinsa na gefe suna taya shi, sa'ilin da yake kwance igiyar da ke ɗaure hular ta ƙeya.

Ga El Santo, mai hular azurfa. Ya shafe shekaru da dama yana wasa, ya fito a finafinai masu yawa, jama'a ba su san fuskarsa ba. Sai a 1984 ya ɗan ɗaga hular a wata hira ta talabijin, kwanaki kaɗan bayan haka ya rasu, aka binne shi da ita. Mutanen da ke da irin wannan tarihi sun cancanci a ba su baki su yi magana. A wannan kashin kuwa yawancinsu jerin waɗanda ake zargi ne, ana kiransu ɗaya bayan ɗaya ana yi musu tambayoyi. Sannan aka cusa zancen tsafi a cikin labarin, wanda bai da alaƙa da asalin wasan, har mai kallon da bai sani ba zai ɗauka duk abu ɗaya ne. Hakan bai yi min ba ko kaɗan.

Binciken kimiyyar da aka san CSI da shi ma ya yi ƙaranci. Sauran ma'aikatan ɗakin gwaji leƙowa kawai suke yi, ƙarshen kuma ya zo a gaggauce, ga shi kashi ne na bikin cika 200.

Duk da haka ina ganin ya cancanci kallo, musamman ga masu son reslin da suka taso suna ganin Rey Mysterio da hularsa ba tare da sanin tushenta ba. Wanda abin ya burge shi, ya nemi wasannin daren Juma'a na Arena México, babban zauren kokawa na birnin Meziko, a YouTube, can zai ga abin da shirin ya tsallake. Akwai jini da gawa a kashin, kada a kunna shi a gaban yara.