Kubet na kwats, na gilashi ko na roba: wanne za ku saya?

Ɗalibin sinadarai a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ya haɗa ƙwayoyin nano (ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani) na azurfa da ruwan ganyen dogonyaro, ko ya narkar da folima (sinadarin da ake yin roba da ire-irenta), dole ya kai aikinsa na'urar UV-Vis, wadda ke auna yawan hasken da samfuri ke sha. A can kuwa 'yar kwalbar nan mai kusurwa huɗu, wato kubet, da ake zuba samfurin a ciki, ita ke iya ɓata wahalar wata shida.

Ku sayi na kwats, wato tataccen silika mai kama da gilashi. Haske na ratsa kwats mai kyau tun daga nanomita 190 (nanomita shi ne ma'aunin tsawon zangon haske). Gaskiya ne ƙololuwar shan hasken azurfa na fitowa wajen 400, ta zinariya wajen 520, kuma kowane kubet zai nuna su. Amma sinadaran ganyen da suka lulluɓe ƙwayoyin suna shan haske kusa da 280, folistairin, wani nau'in folima, kuma kusa da 260, nan kuwa kwats ne abin dogaro. Ku nemi mai faɗin milimita 10 da ke cin mililita 3.5, guda biyu 'yan tagwaye da ke ba da awo iri ɗaya, masu murfin Teflon, robar da sinadarai ba sa ci. Murfin ba ado ba ne: a zafin Afrilu na Sakkwato kulorofom, sinadarin da ake narkar da folima a ciki, kan tsere kafin a gama awo, ruwan ya yi kauri, lissafi ya karkace. Ku tabbata kuma da wuta aka haɗe bangon, domin wanda aka liƙa da gam asiton na iya ɓalle shi.

Na gilashi ya makance ƙasa da 340. Na roba kuwa toluwin da kulorofom na cinye shi, a bar shi ga ruwa zalla.

Inda ake cutar mutane shi ne ido ba ya bambanta kwats da gilashi, harafin Q ɗin da ke jiki kuma kowa na iya buga shi. Kayan daga Legas ko Kano ake aiko su, don haka ku yi sharaɗi da dillali tun kafin biya: sai an gwada. Ku daidaita na'ura a sifili ba komai a ciki, ku cika kubet da tataccen ruwa, ku karanta a 260. Shan hasken kwats na gaske ba ya kai 0.1, gilashi kuwa zai haura 1 nesa ba kusa ba. Kada ku tsaya nan, ku sauka 210, saboda akwai kwats mai lambar JGS3 da aka yi don hasken infirared, mai shan haske a nan, wanda wasu ke sayarwa a matsayin JGS1, wato na hasken UV da kuke buƙata. Tagwayen ma a gwada su da ruwa ɗaya. In tazararsu ta wuce 0.01, an haɗa ne kawai a kwali. Dillalin da ya ƙi gwaji, ku bar masa kayansa.

Lokacin hunturu kada ku goge shi a bushe, ƙurar na karce bango. Ku fara ɗauraye shi, in azurfa ta manne a ciki ku jiƙa shi a asid naitirik da aka sirka da ruwa.