Mai zane ko ruwa-biyu: wanne ke saukowa ƙasan dam, wanne ya kamata ka bi?

Malam, ka tambaya tsakanin kifayen nan biyu na Amurka, mai zane da ruwa-biyu, wanne ke saukowa ƙasan dam, wanne kuma ya kamata ka nema. Dukansu biyu suna saukowa tafkin da ke ƙasan dam, ko da hukumar kula da kifi ta jihar ba ta taɓa zuba su a cikinsa ba. Amma idan fatsa za ka yi daga bakin gaɓa, ruwa-biyun za ka sa a gaba.

Mai zane shi ne wanda Amurkawa ke kira striped bass, masunta kuma su ce striper. Asalinsa kifin teku ne na gabar Atlantika, yana hawa koguna ne kawai don ya saki ƙwai. Da aka rufe madatsun Santee-Cooper a jihar Karolina ta Kudu a farkon shekarun 1940, wasu suka maƙale a tafkunan Marion da Moultrie, aka ga ba su mutu ba, har ma suna hayayyafa. Daga nan jihohi suka fara ɗibar 'ya'yansa suna zubawa a manyan tafkuna. Ruwa-biyu kuwa ɗan barbara ne tsakanin mai zane da ƙaramin ɗan'uwansa white bass, an fara haɗa shi a wannan jihar dai a 1965. A wasu wurare wiper ake ce masa.

Hanyar saukowarsu uku ce. Babbar ita ce ambaliya: ruwan sama ya yi yawa a bazarar Amurka, tsakanin Maris da Mayu, a buɗe ƙofofin dam, kifin da ke yawo kusa da bango ya bi ruwa ya faɗo. Sai ƙanana da ke wucewa ta injinan ba da wuta, wasu su mutu wasu su tsira. Sai kuma ƙofofin da jiragen ruwa ke wucewa a koguna irin su Ohayo da Tenesi. A nan ruwa-biyu ya fi ƙafar yawo. Kifi ne mai son bin ruwa mai gudu, ma'aikatan kula da kifi sun daɗe suna kukan cewa sukan zuba shi a tafkin sama, maƙwabtan ƙasa su ci riba. Saboda haka abin da za ka fara bincika shi ne jerin kifin da aka zuba a tafkin da ke sama da naka, da shekarar da aka yi ambaliya ta ƙarshe. Idan an zuba ruwa-biyu a sama kuma an buɗe ƙofofi shekara biyu ko uku da suka wuce, to akwai masu kilo ɗaya zuwa biyu a wajenka.

Sauka daban, zama daban. Mai zane babba ba ya jure zafi. Da ruwa ya haura digiri 25 a ma'aunin salshiyas sai ya nutsa ƙasa neman sanyi, can kuma a watannin Yuli da Agusta iskar oksijin ta ƙare a tafkuna da yawa. Sama zafi, ƙasa ba numfashi, sai ya matse a ɗan tsakiya, ya daina ci, ya rame, wani lokaci a wayi gari manya suna yawo a saman ruwa a mace. Inda yake jin daɗi shi ne ƙasan dam mai zurfi da ke sakin ruwa daga gindinsa, kamar Wolf Creek a kogin Cumberland na jihar Kentaki, ko Willow Beach da ke ƙasan dam ɗin Hoover. Hayayyafa ma da sharaɗi: ƙwansa sai ya yi ta yawo cikin ruwa mai gudu kusan kwana biyu kafin ya ƙyanƙyashe, idan ya kwanta a laka ya lalace. Shi ya sa tafkuna kaɗan ne ke riƙe shi da kansu. Texoma da ke iyakar Texas da Oklahoma na cikinsu, domin kogin Red yana da tsawo, ruwansa kuma da ɗan gishiri da ke ɗaga ƙwan.

Ruwa-biyu bai damu da yawancin wannan ba. Yana jure ɗumi, yana jure ruwa mai duhu, yana girma da sauri a shekaru biyun farko, yana tafiya garke-garke, idan ka sami ɗaya da wuya ya zama shi kaɗai ne. Kama kotonsa kamar fizge ne, mai kilo biyu sai ka rantse mai biyar ne. Ba ya hayayyafa yadda zai riƙe tafki, sai ana sake zubawa, kuma bai cika wuce shekara shida ko bakwai ba. Girma kam mai zane ya fi shi nesa: wanda ya kafa tarihi a ruwan daɗi fam 69 da 'yan kai ne, kusan kilo 31 da rabi, daga kogin Black Warrior na Alabama a 2013, na ruwa-biyu kuwa fam 27, kimanin kilo 12, daga tafkin Greers Ferry na Arkansas a 1997. Sai dai irin wancan ƙaton aikin mai jirgi ne da na'urar gano kifi da tankin ajiye koto, da haƙurin kwana uku babu ko taɓi.

Kayan ruwa-biyu ba su da tsada. Sanda mai ƙafa bakwai zuwa tara, zare mai ɗaukar fam 15 zuwa 20, ƙugiya lamba 2/0 ko 3/0. Koto mafi kyau shi ne shad, ɗan kifin nan mai sheƙi da suke farauta, wanda injinan dam ke fitowa da shi a jigace; shi ne ma dalilin taruwarsu a wurin. Ana kama shi da birgi inda doka ta yarda. Hantar kaza ma tana yi, abin da mai zane bai cika kulawa ba. Idan koton roba ne, sami fari mai kan darma, giram 14 lokacin da injin ɗaya ke aiki, har giram 40 ko 50 idan an buɗe duka. Ka jefa a layin da ruwa mai gudu ya haɗu da kwantacce, ɗan sama da inda kake tsaye, ka bar shi ya gangaro. Kuskuren da aka fi yi shi ne darma mai nauyi fiye da kima, ta faɗa tsakanin duwatsu ta maƙale. Ka ɗaure darmar da zare mafi rauni, fam 8 ko 10, don idan ta maƙale ita kaɗai za ka rasa.

Lokaci ya fi koto muhimmanci. Idan injina a kashe suke, ruwan kamar ba kowa. Da an kunna, cikin rabin sa'a ci ya fara. Hukumar TVA mai kula da madatsun kogin Tenesi da rundunar injiniyoyin sojan Amurka suna fitar da jadawalin sakin ruwa, ka duba kafin ka fito. Da ka ji jiniya ka bar kan duwatsu nan take, ruwa na iya hawa ƙafa da yawa cikin mintuna, kuma ka sa rigar ceto ko a gaɓa kake.

Ka iya bambanta su tun kafin jami'in kula da kifi ya leƙa akwatin ƙanƙararka. Mai zane dogo ne siriri, layukansa miƙe har wutsiya. Ruwa-biyu mai faɗin jiki ne, layukan a kakkarye, musamman na ƙasa. White bass kuma tabon haƙori ɗaya ne a bayan harshensa, waɗancan biyun suna da biyu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a yawancin ruwan Texas mai zane da ruwa-biyu biyar ne a haɗe doka ta yarda ka riƙe a rana, kowanne ya kai inci 18, alhali white bass adadinsa ya fi haka sosai. Ƙasan dam kan sami dokarsa daban da ta tafkin, ka karanta ta bana.

Ka yi hattara da masu sayar da koto a bakin hanya. Shad ɗin da hancinsa ya yi ja ko ɓawonsa ke zuba ya gama aiki, minti goma a ƙugiya ya mutu, amma za a ce maka kamun asuba ne. Wasu kuma sukan haɗa da 'ya'yan wani kifi da ake kira silver carp, masu kama da shad sosai suna ƙanana, ɗaukarsu da rai zuwa wani ruwa laifi ne a jihohi da dama, kuma kai za a ci tara ba mai sayarwa ba. Haka masu jagorar kamun kifi da ke tallan hoton ƙaton mai zane: tambaye su watan da aka kama shi da inda aka kama, hoton Afrilu ba ya kawo kifi a Agusta.

Idan ka kama na ci, yanke masa jini nan take ka sa a ƙanƙara, sannan wajen yanka ka cire jan naman nan da ke bin tsakiyar gefensa. Ƙarnin duk a nan yake.