Bitar manhajar zaɓen gwaji ta PFF: inda take da amfani da inda makinta ke yaudara

A ƙarshen watan Afrilun kowace shekara, ƙungiyoyi 32 na gasar NFL, wato babbar gasar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, sukan shafe kwana uku suna rabon matasan 'yan wasan da suka fito daga jami'o'i. Ana yin zaɓen ne zagaye bakwai, ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara ɗauka, wadda ta ci kofin Super Bowl kuma ita ce ta ƙarshe, kuma idan aka haɗa da guraben diyya da ake ba ƙungiyoyin da suka rasa 'yan wasa, adadin yakan haura 250. A 2024 da 2025 mutum 257 aka ɗauka kowace shekara. Tun watanni kafin ranar, masu sharhi ke fitar da jerin hasashen wanda kowace ƙungiya za ta ɗauka, kuma a wannan kasuwa ce kamfanin PFF (Pro Football Focus), mai nazarin ƙwazon 'yan wasa, da ke birnin Cincinnati ya shigo da manhajarsa ta zaɓen gwaji, wadda ke ɗora mai amfani da ita a kujerar babban manajan ƙungiya.

Amfani da ita ba ya da wuya. Mutum zai zaɓi ƙungiya ɗaya ko fiye, ya ƙayyade yawan zagayen da yake so, sannan ya daidaita yadda kwamfuta za ta yi wa sauran ƙungiyoyin zaɓe: ko ta fi kula da gurbin da ƙungiya ke da giɓi, ko ta fi kula da darajar gurbin wasan, ko a ƙara mata ɗan rashin tabbas domin kada sakamakon ya riƙa maimaita kansa. Da layi ya zo kansa, sai ya ga jerin waɗanda suka rage, kowanne da jami'arsa da matsayinsa a jadawalin kamfanin da makin da ya samu, yana kuma iya neman musayar gurbin zaɓe da wata ƙungiya. Shafin yana da tsabta, ba ya kuma nauyi a waya.

Abin da ya bambanta ta da takwarorinta shi ne bayanan da ke bayanta. Ma'aikatan PFF suna kallon bidiyon wasanni suna ba kowane ɗan wasa maki a kan kowane motsi, daga -2 zuwa +2, sannan a mayar da jimillar zuwa ma'aunin 0 zuwa 100, kuma tun 2014 suke yi wa manyan wasannin jami'o'i wannan aiki. Amfanin hakan ya fi fitowa a guraben da alƙaluman yau da kullum ba sa nuna ƙoƙarin mutum, kamar ƙartin da ke tsaye a sahun gaba suna kare kwatabak, mai jefa ƙwallo kuma jagoran hari, waɗanda ba sa ci wa ƙungiya maki a wasa balle sunansu ya fito a allo. Mai son ya san ko wani matashi ya iya tare abokin hamayya ko kuwa girman jiki kawai gare shi, zai samu abin kamawa a nan fiye da abin da gudun yadi 40 na taron gwada ƙarfin matasan da ake yi a birnin Indianapolis kafin zaɓe zai gaya masa.

A ganina, babbar fa'idar manhajar ita ce yadda take tilasta wa mutum ya ɗanɗana ƙuncin zaɓe. Wanda ya saba zagin manajan ƙungiyarsa zai gane cewa ɗaukar mai kama ƙwallo a zagayen farko yana nufin a zagaye na biyu masu tsaron da yake ƙwaɗayi sun riga sun tafi, kuma hawa sama domin a kamo kwatabak yakan cinye gurbin zagayen farko na shekara mai zuwa. Irin wannan farashi ne ƙungiyar Jacksonville ta biya ƙungiyar Cleveland a 2025, lokacin da ta tashi daga gurbi na 5 zuwa na 2 domin ta ɗauki Travis Hunter, ko da yake shi ba kwatabak ba ne.

Matsalar tana cikin makin da manhajar ke bayarwa a ƙarshe, daga A zuwa F, wanda shi ne mutane ke ɗaukar hotonsa suna yaɗawa a kafafen sada zumunta. Wannan maki yana auna kusancin zaɓin mutum da jadawalin PFF da kuma ra'ayin kamfanin kan darajar guraben wasa, don haka hanya mafi sauƙi ta samun A ita ce a riƙa ɗaukar duk wanda ke saman jerin, kamar ɗalibin da ya haddace amsar malaminsa ya mayar masa da ita a jarrabawa. Tarihi kuwa bai goyi bayan wannan biyayya ba. A 2023 Detroit ta ɗauki mai gudu da ƙwallo Jahmyr Gibbs a gurbi na 12 da mai tsaron tsakiya Jack Campbell a na 18, masu sharhi da dama suka yi mata caa saboda gurabe ne da lissafin zamani ke rainawa, amma a wannan kakar ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na NFC, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na gasar, Gibbs kuma ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu gurbinsa.

Akwai kuma abin da manhajar ba ta da idon ganinsa ko kaɗan. Ƙungiyoyi suna riƙe da sakamakon binciken likitoci, suna zama da matashin su yi masa tambayoyi a kan tsarin wasa, suna kuma bincikar halinsa a wajen masu horar da shi, kuma galibin waɗannan ba sa fita fili. Shi ya sa Shedeur Sanders, wanda hasashe da yawa suka sa a zagayen farko na 2025, ya zauna har zagaye na biyar kafin Cleveland ta ɗauke shi a gurbi na 144, kuma shi ya sa Atlanta ta girgiza jama'a a 2024 da ɗaukar kwatabak Michael Penix Jr. a gurbi na 8, makonni kaɗan bayan ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 180 ta shekara huɗu da Kirk Cousins, wanda shi ma kwatabak ne. Kwamfutar da aka koya wa cike giɓi da wuya ta yi irin wannan zaɓi. Su ma makin bidiyon suna da nasu rauni, domin mai kallo daga waje ba koyaushe yake sanin aikin da koci ya ɗora wa ɗan wasa a wani motsi ba, kuma wanda ya yi fice a kan ƙananan jami'o'i ba lallai ne ya yi haka a gaban ƙwararru ba.

Musayar gurabe ma tana da sassauci fiye da kima. Mai haƙuri yana iya ta komawa baya yana tara gurabe har ya cika ƙungiya da matasa, alhali a zahiri sai an samu abokin ciniki mai sha'awar hawa, kuma a zagayen farko 'yan mintoci kaɗan ake da su a gama magana.

Game da kuɗi, ana iya gwada manhajar kyauta, sai dai an taƙaita abin da mai kyauta zai iya yi, cikakkiyar damar kuma tana ga masu rajistar PFF+. Wanda ke bin wasannin jami'o'i tun daga watan Satumba, yana kuma son karanta makin kowane ɗan wasa, rajistar za ta yi masa amfani, domin bayanan ne ainihin abin da yake saye. Wanda nishaɗin mako biyu kafin zaɓe kawai yake nema, manhajar Pro Football Network ta kyauta za ta wadatar da shi.