Setin Afirkan bayolet da na saya: tukunyar ba laifi, kwalbar feshin ce ta cuce ni

Jama'a wannan setin Afirkan bayolet ɗin da ake ta tallansa a Instagram, wanda ake haɗo miki shuka biyu da tukunya mai lagwani da 'yar kwalbar feshi da ƙullin taki, to ni dai na saya. Kuɗin kun san shi ba sai na faɗa ba, balle kuɗin motar kawowa Kaduna wanda shi kaɗai ma abin magana ne. Gaskiya sun iso lafiya lau, ganyen nan kore shar mai gashi-gashi, ɗaya har da furanninta shuɗi mai duhu, duk wanda ya shigo falo sai ya tambaya ta roba ce ko ta gaske.

Matsalar daga saƙon muryar da mai sayarwar ta turo min ta fara. Tace Hajiya tunda hunturu ake iska ta bushe, kullum da safe ki fesa musu ruwa a ganye, abin da yasa muka haɗa da kwalbar kenan. To wanda ya sayar maka da abu ai shi ya san kayansa, na bi maganarta, kullum bayan asuba in tari ruwa a famfo in fesa. Ruwan famfonmu kuwa daga tankin sama yake saukowa, ya kwana a waje cikin sanyin Disamba, wanda ko alwala zaki yi da shi sai kin cije, su kuma shukokin suna falo tagogi a rufe cikin ɗumi. Ba a jima ba sai ga tabo ya fara fitowa, fari-fari mai ɗan rawaya, wani zagaye kamar zobe wani a layi ya karkace, wallahi kamar an fantsama wa atamfa ruwan bilic. Ganyen da na saya don kyansa.

Na ɗauki hoto na tura mata. Farko tace ƙwari ne akwai maganin feshi a wajenta in turo kuɗi, kunji fa, wani feshin kuma. Da nace ban ga ƙwaro ko ɗaya ba sai tace rana ce, nace baiwar Allah rana bata taɓa su ba labule ne a tagar. Sai ta ɓullo da wai ai furen Afirka ne babu abin da baya jurewa, sai dai in hannuna ne baya karɓar shuka. Wannan maganar ce ta fi ƙona min rai fiye da tabon ma, hannuna da ya raini zogale da na'a-na'a da lalle a gidan nan shine baya karɓar shuka? Daga nan in na tura saƙo sai ta karanta tayi shiru.

Ƙanin maigidana ne da ya karanci aikin gona ya zo gaisuwa ya warware min. Ya juya bayan ganyen ya duba babu komai, ya latsa yaji da ƙwarinsa bai yi laushi ba, ya leƙa ƙananan ganyen tsakiya waɗanda manya suka rufe ya gansu lafiya, sai yace Anti da wane ruwa kike basu? Ina faɗa yayi dariya. Yace wannan shukar in ruwan da ya taɓa ganyenta ya fi ganyen sanyi da ko digiri 5 zuwa 6 ne kawai, ƙwayoyin da ke ƙarƙashin fatar ganyen masu riƙe da koren nan mutuwa suke yi, shine wurin yake koɗewa, kuma gashin ganyen yana riƙe ɗigon ruwan ya zauna a wuri ɗaya. Ba cuta bace, baya yaɗuwa, amma fa ganyen da ya tabu ya tabu har abada, babu taki ko maganin da zai dawo da shi. Sai dai ki jira sababbi su fito ki tsinke tsofaffin a hankali.

Batun furen Afirka kuwa, eh na Afirka ne amma ba irin Afirkar Kaduna ba. Asalinsa duwatsun Usambara ne a Tanzaniya da wani yanki na Kenya, yana fitowa a inuwar daji cikin laima a jikin duwatsu, wani jami'in Jamus Walter von Saint Paul ne ya aika irinsa gida a 1892 shi yasa ake ce masa Saintpaulia. Yanayin da yake so tsakanin digiri 18 zuwa 24 ne. Wanda yake sayar da abu ya kamata ace ko wannan ya sani kafin ya ɗora wa mutum laifi.

Ya kuma nuna min yadda zan riƙa bambancewa, don duk lalacewar ganye mutane ƙwari suke cewa. In ganye ya yi laushi ya langaɓe kuma kika taɓa ƙasar kika ji ta jagab, ruwa ne ya yi yawa saiwa ta fara ruɓewa, ƙara ruwa a nan kashewa ne. In ya langaɓe ƙasar a bushe tukunya ba nauyi, ƙishi ne kawai, kina bata zata miƙe. Ƙunar rana kuma busasshen tabo ne ruwan ƙasa. Sannan akwai wanda karan ganyen ke ruɓewa daidai inda ya jingina da bakin tukunya, in kin duba zaki ga ɓawon gishirin taki ya taru a wurin. Wanda yafi tsorata ni shine da yace ruwan da ke taruwa a tsakiyar shukar inda sababbin ganye ke fitowa, in ya kwana a nan tsakiyar ce ke ruɓewa kuma in ta ruɓe shukar ta tafi kenan. Ashe tabon ma sauƙi Allah ya kawo.

Kwalbar dai yanzu tana wajen guga ana yayyafa wa kaya ruwa, a nan take da amfani.

Ita tukunyar kam in faɗi gaskiya na yabe ta. Hawa biyu ce, ruwa a ƙasa shuka a sama, lagwani yana jan ruwan a hankali, ganye baya ganin ko ɗigo. Ina cika gora in ajiye ta kwana a falon kusa da su don ruwan ya zama daidai da ɗakin, sai in zuba a ƙasan. Har tafiya nayi Zariya biki na dawo na same su garau. Sababbin ganyen da suka fito duk tsaf ba tabo ko ɗaya, ɗayar ma ta sake yin fure. A lokacin har na fara cewa a raina to ko in yafe mata, tunda dai tukunyar tayi.

Sai kuma wani wari-wari ya fara tashi daga ɗayar, ganyen ƙasa suka yi laushi kamar an dafa. Na zaro ta na duba, lagwanin ashe na auduga ne ya yi baƙi ya fara ruɓewa, ƙasar da ta zuba kuma baƙar ƙasar lambu ce mai nauyi wadda in ta sha ruwa bata saki. Tukunyar lagwani kuwa ƙasa mai sako-sako take so, a cakuɗa da farar tsakuwar nan mara nauyi da ake kira falayit kusan rabi da rabi, lagwanin kuma ya zama zaren roba irin na saƙar hula da suwaita don shi baya ruɓewa. Haba, zaren nawa yake? A kuɗin da ta karɓa ko ƙulli guda ta saya ai ya ishi tukwane ɗari. Na yanke saiwar da ta yi baƙi na canza ƙasa na sa zaren da na samo a Kasuwar Barci, ta tsira amma ta koma 'yar mitsitsiya, ganyen da na tsinke masu ɗan lafiya na dasa karansu ko Allah zai sa su tsiro.

Don haka in zaku saya ku sayi tukunyar, amma ku ɗauka kamar fanko kuka saya, ƙasa da lagwani ku nemi naku. Wata-wata ku zuba ruwa ta sama da buta, bakin butar a ƙarƙashin ganye, ya wanke gishirin ya tsiyaye ku zubar, in ɗigo ya faɗa kan ganye a dangwale shi da tishu nan take. Kuma masu tankin sama kar ku ce hunturu ya wuce shikenan, ruwan azahar na watan Maris da Afrilu mai zafin nan shima ba na ba shuka bane, kuma kar a ajiye su saitin iskar esi. Takin da ta haɗo dashi ko buɗe ƙullin ban yi ba, babu rubutu babu awo, bayan abin da na gani bazan zuba musu abin da ban san mene ne ba.

Jiya ma na ga ta saka sabon bidiyo tana ta fesa wa nata ruwa a ganye ana ta tambayarta nawa ne seti. Na rubuta mata a ƙasa cewa ta daina koya wa mutane haka, kafin la'asar ta goge.