Dawisu biyu-biyu na 'yan kasuwar tsuntsaye: abin da mai saye zai tarar

Masu sayar da dawisu a kasuwannin tsuntsaye da Facebook galibi namiji da mace suke haɗawa, 'yan wata shida zuwa shekara guda, sai su liƙa hoton babban namiji ya baza jela. Wanda zai iso gidanka bai kai nan ba tukuna. Jelar ba ta cika sai ya shekara 3, lokacin takan kai mita ɗaya da rabi, gashi kusan 200, yawancinsu da ido a ƙarshe. Kuma ba ita ce wutsiyar ainihi ba: gashin gadon baya ne, gajeriyar wutsiya mai launin ƙasa ke tokare shi daga ƙasa idan ya baza. Duk shekara bayan lokacin barbara jelar takan zube ta sake tofowa, don haka kada ka ɗauka cuta ce.

Kusan duk wanda ake sayarwa shuɗin nan ne ɗan asalin Indiya da Siri Lanka, tsuntsun da Indiya ta ɗauka alamar ƙasarta tun 1963. Farin ma jinsinsa ne, launi kawai ya bambanta, amma ya fi tsada.

Inda ake yawan yin kitso da ƙwarƙwata wajen tantance jinsi ne. Tukku ba shaida ba ne, duka biyun suna da shi. Ka buɗe fiffike: dogayen gashin namiji ruwan goro ne mai haske, na mace sun fi duhu. Wuyan namiji yakan fara shuɗi, mace kuwa ɗan kore-kore ne a wuya, cikinta fari-fari. A fararen, ko dillalin kan yi canki-canka har su girma, sai a yi sharaɗin musanya kafin a biya.

Kawowar ma da gyara. Kwali ya ishi matashi, amma babban namiji sai an naɗe jelar da zane, in ba haka ba ta kakkarye, sai wata shekarar.

Da isowa a tsare su a keji sati 6 zuwa 8, mai tsayin mita 2 aƙalla, da sanda a gicciye, don a sama suke kwana. Duk nauyinsa, kilo 4 zuwa 6, dawisu yana tsallake katanga. Gero, dawa, ganye, gara, fara, ƙadangare har ƙaramin maciji duk yana ci, sai dai 'yan tsakinsa suna bukatar abincin 'yan tsakin talotalo. Kada a sa su a ƙasar da kaji suka daɗe a kai. A nan suke kwasar cutar hanta mai sa zawo rawaya, tana kashe matasa da sauri. Mace kan fara ƙwai a shekara 2, guda 4 zuwa 8, kwanci kwana 28.

Mai gona ko babban fili kuɗinsa ba su faɗi ba, tsuntsun yakan kai shekara 15 zuwa 20. A gida cikin unguwa kuwa, kukansa na asuba lokacin barbara zai haɗa ka da maƙwabta, ya tsattsage shukar alayyafo, ya ga inuwarsa a jikin mota ya hau saran fenti.