Bindiga ko makaranta: hanyoyi biyu na ƙwatar 'yancin Biyetnam

A farkon ƙarni na 20, lokacin da Faransa ta riƙe Biyetnam, malamai biyu masu kishin ƙasa sun saɓa a kan mafita. Phan Boi Chau ya ga cewa Turawa ba za su fita ba sai da ƙarfin makami da taimakon waje, don haka daga 1905 ya riƙa tura matasa karatu Japan, yana fatan ƙasar da ta ci Rasha da yaƙi za ta agaza. Japan kuwa ta ƙulla yarjejeniya da Faransa a 1907, ta kore shi a 1909.

Phan Chau Trinh ya ƙi zubar da jini, ya kuma ƙi jingina ga wata daula. A ganinsa, ciwon yana cikin gida, wato jahilci da sarautar Hue, birnin da fadar sarkin Biyetnam take, wadda ta zama 'yar amshin shatar Faransa, saboda haka ya nemi a buɗe makarantu, a koyar da rubutun boko, a bunƙasa kasuwanci, sannan a kawar da sarauta. Ni dai na fi ganin zurfin tunani a nan, domin ya tambayi wanda zai yi mulki bayan Turawa. Sai dai sassaucinsa bai tsirar da shi ba: a 1908 aka tura shi kurkukun tsibirin Con Dao.

Da Phan Chau Trinh ya rasu a birnin Saigon a 1926, jana'izarsa ta tayar da yajin ɗalibai a faɗin ƙasar, yayin da Phan Boi Chau yake tsare a gida a Hue har mutuwarsa a 1940.