Rangadin mai goge a Dunkeld: ya ci kuɗinsa, amma a tanadi takalmin ruwa

A Dunkeld, wani ɗan gari da ke bakin kogin Tay a Sikotlan, akwai wani dattijo mai goge da ke zagayawa da baƙi a ƙafa, yana ba su tarihin Niel Gow, wani shahararren makaɗin goge na da, yana kuma kaɗa musu kiɗansa a wuraren da mutumin ya rayu. Wata abokiyar aikina 'yar Perth ce ta matsa mini sai da na bi su ranar Asabar. Gogen nasu mai tsirkiya huɗu ne, a ƙarƙashin haɓa ake maƙale shi, ni kuwa a da duk kiɗansa iri ɗaya nake jin sa.

An haifi Gow a 1727, ɗan masaƙi ne, a ƙauyen Inver da ke tsallaken kogi ya yi rayuwarsa. Makaɗin fada ne na gidan sarautar Atholl, shi ke musu kiɗa in ana biki ko rawa. Wannan duk dattijon ya faɗa muna tafe, da sauri, kuma Turancinsu na can sai ka kasa kunne sosai.

Inda kuɗina ya fita shi ne gindin wata tsohuwar bishiya a bakin ruwa, wadda har yau ake kira da sunan Gow, don an ce nan yake zama yana tsara kiɗa. Dattijon bai taɓa gogen ba sai da ya gama labari. Gow ya auri matarsa ta biyu, Margaret Urquhart, a 1768. Ta rasu a 1805, yana tsoho ɗan kusan tamanin, shi ma ya bi ta a 1807. Kiɗan makokin da ya yi mata na cikin waɗanda aka fi kaɗawa a cikin nasa. Ana cewa bayan rasuwarta ya jingine gogen, sai da aka yi ta lallashinsa ya ɗauka, wannan kiɗan ya fito. Dattijon ya ce mana wannan faɗar mutane ce, shekarun kuwa a rubuce suke. Abin ya burge ni, don masu yawo da baƙi sun fi son su haɗa maka gaskiya da ƙarin gishiri a kwano ɗaya.

Sannan ya goga ƙaro a izgar, yatsunsa sun yi ja don sanyi, ya soma. Kiɗan ba ya gaggawa. Yakan hau sama kamar zai yi fara'a, sai ya sauko ya daɗe a kan tsirkiya mai kauri. Babu waƙa ko kalma ɗaya, amma da yake na san shekara nawa suka yi tare, kunnena ya kama abin da da can ba zai kama ba.

Ya ƙara mana da wani da Gow ya yi a 1799, shekarar da sha'ir bai yi kyau ba aka hana dafa barasar wiski da shi. Bankwana da barasa ke nan, da alhini sosai. Ni da ba na sha, dariya ta so ta ƙwace mini.

Sai dai akwai ƙorafi. Babbar hanyar A9 ta ratsa kusa da bishiyar, ƙarar manyan motoci na cinye rabin kiɗan in kana baya, mu kuma mun yi yawa. Hanyar bakin kogin caɓi ce, ba wanda ya gargaɗe mu lokacin biyan kuɗi. Ziyarar kabarin Gow a ƙauyen Little Dunkeld da mutum-mutuminsa da aka kafa a 2020, a gurguje aka yi su.

Duk da haka ina ba da shawarar a je. Jirgin ƙasa daga Perth na tsayawa a tashar Dunkeld da Birnam. Wanda ya samu hali ya daidaita zuwansa da watan Maris, lokacin da ake bikin tunawa da Gow, kuma ya matsa gaba kusa da mai gogen tun kafin a isa bishiyar.